Sunan da ke zagi tun mai shi bai buɗe baki ba

Wata Hajiya ce ta aiko da tambaya daga Jos. Tana cikin masu kula da zauren WhatsApp na tsofaffin ɗaliban makarantarsu, mutum sun haura ɗari shida, Musulmi da Kirista, Hausawa da Birom da Ngas da Ibo da Yarabawa. Wani ya sa wa kansa suna "Maganin Arna". Da ta yi masa magana sai ya ce ai tun bara akwai mai suna "Arnen Gindiri" (Gindiri gari ne a Filato) a zauren, ba wanda ya ce masa uffan, don me sai shi? Tana so ta san ko ta cire su duka biyun ko ta ƙyale su, da kuma yadda ake gane sunan da ya zama zagi, tunda abin da wasu ke ɗauka wasa, a wurin wasu cin mutunci ne.

Hajiya, sannu da ƙoƙari, kuma kin kyauta da ba ki yanke hukunci cikin fushi ba. Sunayen nan biyu ba ɗaya ba ne, ko da yake kalma ɗaya ce a cikinsu. Na farkon ya sauka yau, kada ya kwana. Na biyun kuwa zama za ki yi da mai shi. Na daɗe ina aikin bibiyar kalaman ƙiyayya da ake rubutawa da Hausa a intanet, ina kuma horar da masu kula da zauruka a nan Filato, don haka bari in warware miki dalili, saboda gobe wani sunan zai ɓullo wanda ni da ke ba mu taɓa gani ba.

Suna ya fi saƙo nauyi, domin saƙo yana nutsewa. Mutum ya rubuta baƙar magana da safe, kafin azahar saƙonni ɗari sun binne ta, ko admin ya goge. Suna kuwa yana nan daram a saman duk abin da mai shi ya rubuta. Ki ɗauka an sanar a zaurenku cewa mahaifiyar wata abokiyar karatunku ta rasu, za a yi jana'iza a cocin unguwarsu ranar Asabar. Ana ta jera gaisuwa. Sai ga "Allah Ya ba da haƙuri", a samansa kuma an rubuta "Maganin Arna". Wanne marainiyar za ta karanta, gaisuwar ko sunan? Hausawa sun ce suna linzami, to a intanet ba mai sunan kaɗai linzamin ke ja ba, har da duk wanda idonsa ya sauka a kai.

A wurin horo nakan tambayi 'yan'uwana Musulmi ma'anar arne. Yawanci sai su ce wanda ba Musulmi ba, shi ke nan, kamar bayani ne kawai babu komai a ciki. Kiristan Filato ba haka kalmar ke shiga kunnensa ba. Da Hausa yake addu'a, da Hausa yake waƙa a coci, Littafi Mai Tsarki yana hannun kakanninsa da Hausa tun 1932, kuma Allah yake kira safe da yamma. A wurinsa arne shi ne wanda bai san Allah ba sam, wanda ba a lissafa shi cikin cikakkun mutane. Ga kuma abin da kalmar ta goyo a bayanta: zamanin da ake kai hari gindin duwatsun nan neman bayi, da ita ake kiran waɗanda ake kamawa. Mai faɗi ya manta da wannan tarihin, ko ma bai taɓa saninsa ba. Wanda ake faɗa wa bai manta ba.

Sai kalmar "magani" da ya ɗora a kai, wadda ita ce ta kammala laifin. Ba a neman maganin abu sai an ɗauke shi cuta. A Ruwanda, kafin kisan ƙare-dangi na 1994 da lokacinsa, gidan rediyon RTLM kyankyasai yake kiran 'yan Tutsi, kuma kowa ya san abin da ake yi wa kyankyaso. Mu nan garin da ya ga 7 ga Satumban 2001 ne, ya ga Nuwamban 2008, ya ga Janairu da Maris na 2010. Cikin mutum ɗari shida na zaurenku da wuya a rasa wanda ya binne ɗan'uwa, ko wanda ya bar gidan da aka haife shi ya ƙaura zuwa unguwar da mutanensa suka fi yawa. A gaban irin waɗannan mutane wannan ba laƙabi ba ne, barazana ce. Hukuncin nan kuma shi ne dai zai hau kan wanda ya sa "Maganin Malo" (Malo sunan raini ne da ake kiran Hausawa da shi) ko "Aboki Killer", ko ya jera hoton saniya da na wuƙa a gefen sunansa. Haka wanda ya ɗauki sunan Shekau don burga, a garin da bam ɗin kasuwar Terminus na 20 ga Mayun 2014 ya ci rayuka fiye da ɗari bai tambayi addinin kowa ba. Ranar da aka ga kin sassauta wa ɓangare ɗaya, daga ranar ba ki da sauran ta cewa a zauren.

Shi kuwa "Arnen Gindiri" wani abu ne daban yake yi. Ya ɗauki dutsen da ake jifansa da shi ne ya rataya a wuya, yana nuna cewa ya daina yi masa ciwo. Ba shi ya fara ba. Baƙaƙen fatar Amurka sun yi haka da kalmar da fararen fata ke zaginsu da ita, suna faɗa a tsakaninsu amma ba su yarda bare ya faɗa ba. Samarinmu da ke neman kuɗi a Legas da yawa suna maƙala "Aboki" a sunansu da alfahari, alhali sun san abin da ɗan Kudu ke nufi idan ya daka musu tsawa da ita. Saboda haka in mai "Maganin Arna" ya ce miki ai duk ɗaya ne, amsarsa a fili take: wancan kansa ya kira, kai kuwa wasu ka kira, ka kuma yi musu alkawarin magani.

Amma ban ce ki bar sunan haka nan ba. Izinin da mutum ya ba kansa bai game duk danginsa ba. A zauren da aka cakuɗa, dole a kira mutum da sunan da ake gani, sai ki wayi gari yara suna rubuta "Arne ya gida, Arne ka ji labari", kalmar ta zama ruwan dare, wata dattijuwa Kirista kuma tana karantawa tana haɗiye baƙin ciki. Sannan ba ki da tabbacin mai sunan ɗan Gindiri ne har sai kin ji daga bakinsa. Na sha ganin wanda ya ari sunan wata ƙabila ko wani addini yana tafka shirme da gangan, don a ce ga halinsu nan. Ki kira shi ku yi magana, ki kuma tuntuɓi Kiristoci biyu ko uku masu hankali a zauren, kowanne shi kaɗai. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Idan sun ce yana sosa musu rai, ki roƙe shi ya canza. Ni ra'ayina, ko sun ce ba komai, a zaure irin naku gara ya canza, amma da lallashi, domin bai yi laifin da za a hukunta shi ba.

Za a ce miki ai mu mutane ne masu wasan barkwanci, kada ki kashe mana raha. Gaskiya ne, kuma ina cikin masu son a bar shi da ransa. Bafulatanin da ya sa wa kansa "Ubangidan Barebari" dariya zai jawo, Babarbare kuma zai rama da wanda ya fi shi. Haka Gobirawa da Yarabawa, Kanawa da Zagezagi, Katsinawa da Nufawa. Sai dai wasan yana da sharaɗi: ɓangarorin biyu sun gaje shi, sun san iyakarsa, kuma babu jini a tsakani. Fulani da Tibi ma abokan wasa ne tun kaka da kakanni, amma bayan shekarun da aka kwashe ana zubar da jini a Binuwai, ki gwada rubuta "Munci", tsohon sunan da ake kiran Tibi da shi, a gaban matashin Tibi ki ga ko zai yi dariya. Wasan da ɗaya ke dariya ɗaya ke cizon yatsa ya tashi daga wasa.

Akwai kuma sunayen da muka tashi muka tarar ana kiran maƙwabtanmu da su, ba mu taɓa jin zagi ba ne. Gwari, Kaje, Katab, Jaba, Sura, Angas, Yargam, Ankwai. Masu su sun ce Gbagyi suke, Bajju, Atyap, Ham, Mwaghavul, Ngas, Tarok, Goemai. Wasu cikinsu ba su damu da tsohon sunan ba, wasu kuwa har zuci yake musu ciwo, musamman Gbagyi, tunda a bakin Bahaushe "bagwari" ya koma nufin wanda bai waye ba. Inyamuri ma haka. Daga "nye m mmiri" ta samo asali, wato ba ni ruwa, kuma Ibo da yawa in sun ji ta kashe-kashen 1966 da yaƙin basasa suke tunawa, yayin da tsohuwa a unguwar Gangare ta Jos za ta faɗe ta da zuciya ɗaya tana yabon mai shagon da take saye a wurinsa. Niyyarta ba mugu ba ce. Amma idan ana maganar sunan da zai zauna a gaban ɗaruruwan mutane kullum, kunnen mai ji ake dubawa kafin zuciyar mai faɗi.

Waɗanda suka fi ba ni wahala a aikin nan su ne sunayen da babu kalmar zagi ko ɗaya a cikinsu. "Jos Tamu Ce." "Asalin Ɗan Ƙasa." "Baƙo Ya Koma Gida." Wanda ya zo daga Sakkwato ko Fatakwal zai karanta bai ga komai ba. Ɗan Jos kuwa ya san gardamar wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo, ita ce gindin rikicin, tun ma kafin a ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991. A zauren siyasa ana iya barin irin wannan a yi muhawara a kai. A zauren zumunci na 'yan makaranta ɗaya, tuta ce aka kafa a tsakar gida, kuma ina ba da shawarar a sauke ta ko ta wane ɓangare ce.

Wataƙila wani cikin abokan aikinki zai ce a tara jerin haramtattun kalmomi kawai, duk sunan da aka ga ɗaya a ciki a cire mai shi. Kada ki yarda. Na taɓa yin wannan kuskuren, kuma har yau in na tuna raina yana ɓaci. Wani babban zaure ne na Telegram, na taimaka aka sa masa manhaja mai tace kalmomin batsa na Hausa. Ba a rufa mako ba ta kori wani malamin makaranta don ya rubuta sunan garinsu, Gindiri, saboda haruffa biyar na farko. Ta kuma kori wani saurayi ɗan Biu da ya sa sunan ƙabilarsa, Bura, a gaban nasa, ƙabila sukutum mai harshenta da tarihinta a kudancin Borno. Da na kira shi ba shi haƙuri, abin da ya ce mini shi ne tun yana firamare ake masa dariya da sunan nan, bai zaci har na'ura za ta shiga layi ba. Ban sami abin ce masa ba.

Manyan kamfanoni ma sun faɗa wannan ramin. A 1996 kamfanin AOL ya hana mutanen garin Scunthorpe na Ingila buɗe asusu, saboda wata kalmar batsa ta Turanci da ta ɓuya a tsakiyar sunan garin, har masana suka laƙaba wa matsalar sunan garin. A 2006 aka gano Yahoo ya hana duk sunan da ke da "allah" a cikinsa, abin ya faɗa kan masu sunan iyali Callahan, sai da aka yi ta surutu kafin ya janye. Ki auna abin da wannan doka za ta yi a Jos, inda Abdallah da Allahnanan ke zaune a benci ɗaya. A ƙasar Myanmar, Facebook ya sa na'ura ta riƙa goge kalmar "kalar" da ake zagin Musulmi da ita a 2017, sai ta haɗa har da kalmar kujera da ta wani irin wake, don da sautin suka fara. Shi kuwa mai niyyar zagi ko a jikinsa: ya musanya harafi da lamba, ko ya rubuta da ajami, ko ya sa hoton alade, ya wuce abinsa. Tarkon marar laifi yake kamawa.

Abin yana ƙara rikicewa idan zaure ya haɗa mutanen ƙasashe daban-daban, kuma na san kuna da 'yan makarantarku a waje. Wanda aka haifa a 1988 ya sa 88 a ƙarshen sunansa ba da wata manufa ba, a Jamus kuwa lambar alama ce ta masu ra'ayin Hitila, a Sin kuma lambar sa'a ce. Kalmar kafiri a wurinmu maganar aƙida ce, duk da ita ma ba ta dace da laƙabi ba, amma a Afirka ta Kudu ita ce mafi munin zagin da ake yi wa baƙar fata, har a 2018 kotu ta yanke wa wata farar fata, Vicki Momberg, ɗaurin shekara 3, aka jingine 1, saboda ta yi ta jifan 'yan sanda da ita. Ta ɗaya gefen kuma, namu sunayen na gado suna iya firgita bare. Bawa suna ne mai daraja, Gobir ta yi Sarki Bawa Jangwarzo, amma manhajar fassara bawan da ake saye za ta nuna wa Bature. Ajuji da Ayashe sunaye ne da uwar da 'ya'yanta ke mutuwa take sa wa jariri da fatan ya rayu. Usama kuwa sunan sahabi ne tun kafin a haifi Usama bin Laden. Shi ya sa tambaya ta farko kullum ita ce: sunansa ne na yanka, ko na garinsu, ko na ƙabilarsu? In haka ne, ba a taɓa shi, ko wa ya kawo ƙara.

Yadda za ki tunkari mutum shi ne rabin aikin. Kada ki ɗauki hoton sunan ki watsa a zaure kina tambayar ra'ayin jama'a. Cikin minti goma za a rabu gida biyu, shi kuma ba zai ƙara iya janyewa ba tare da jin kunya ba. Mun ga abin da hotuna suka yi a Yunin 2018 lokacin kashe-kashen Gashish a Barikin Ladi, inda aka yi ta yaɗa wasu a Facebook waɗanda ba ma a Najeriya aka ɗauke su ba. Ki bi shi ta akwatinsa, ko ma ki kira shi, tunda murya ta fi rubutu taushi. Ki ce masa: "Ɗan'uwa, sunan da ke fitowa a kan saƙonninka yana cutar da 'yan'uwanmu a zauren nan. Na san mai yiwuwa ba haka ka nufa ba. Don Allah ka canza shi kafin dare, in ba haka ba zan fitar da kai na ɗan lokaci, ranar da ka canza kuma ƙofa a buɗe take." Idan Musulmi ne, aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana jifan juna da miyagun laƙubba, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kansa yakan canza wa mutane sunan da bai dace ba, kamar yadda ya mayar da Barra ta zama Zainab. Idan Kirista ne, Matiyu 5:22 ta yi kashedi mai tsanani ga wanda ya kira ɗan'uwansa da sunan raini. Mafi kyau ma, wanda suke addini ɗaya da shi ya kai masa saƙon. Don haka nake nacewa kowane zaure irin naku ya kasance da admin daga ɓangarorin biyu, su kuma amince cewa ba wanda zai cire mutum shi kaɗai sai in barazana ce ƙarara.

Ku rubuta dokar a bayanin zaure, gajeriya, kada ta wuce layi uku: ba a sa sunan da ke zagin addini, ƙabila ko mata, ba a sa na barazana ko na yabon masu kisa, ba a ari sunan wani malami, fasto ko basarake a yi shigar burtu da shi. Dokar da aka rubuta tun kafin rigima ita ke kare ki daga zargin son kai. Game da hukuma kuwa, sashe na 26 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5, ko tarar da za ta iya kai naira miliyan 10, ga wanda ya zagi mutane ko ya yi musu barazana a intanet saboda ƙabilarsu ko addininsu. Yana da kyau mai taurin kai ya san da wannan. Amma ban ba ki shawarar garzayawa ofishin 'yan sanda kan laƙabi ba, sai in ya haɗa da kiran a far wa wasu mutane ko wata unguwa. In ya kai nan, ki adana hoton saƙon da lambar da ranar kafin ki goge komai.

Ki kuma san abin da ke hannunki da wanda ba ya hannunki. A WhatsApp admin ba ya iya canza wa kowa suna, roƙo ne ko cirewa. A Facebook, wanda ya canza suna sai ya jira kwana 60 kafin ya sake, don haka in mutum ya ce miki ya kasa canzawa, ba lallai ƙarya yake ba, ki ba shi uzuri ya ɗan dakata da rubutu. Wani abu kuma da admin da yawa ba su lura da shi ba: WhatsApp yana nuna miki sunan da kika ajiye mutum da shi ne a wayarki, sunan da ya sa wa kansa kuwa waɗanda ba su ajiye lambarsa ba su ke ganinsa. Ke da kika san kusan kowa, kina ganin "Sani ɗan ajinmu", yayin da matar da ba ta san shi ba take ganin abin da ya rubuta da hannunsa. Saboda haka daren nan, bayan kin gama da mutanen nan biyu, ki samu wata a zauren wadda ba ta ajiye lambobi da yawa ba, ku zauna tare ku bi jerin mambobin a wayarta daga sama har ƙasa.